Yadda ake rubuta labari kashi-kashi har ya kai ƙarshe: abin da na koya daga Natsume Soseki

Labarin farko da na saki a WhatsApp ya mutu a kashi na 23. Watan Mayu ne, zafin Tawa ya kai inda katifa ba ta kwantuwa sai an yayyafa wa tsakar gida ruwa an shimfiɗa tabarma. Ga takardun jarrabawar ɗalibaina jibge suna jiran jan bik, ga wuta tana ɗaukewa, waya ba caji. Na ce bari in huta kwana biyu. Kwana biyu suka zama wata huɗu. Ana cikin haka wani bawan Allah ɗan Keita da ke ci-rani a Abijan ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce: "Mushe, ka bar yarinyar nan bisa hanyar Ƙonni cikin mota, har yau ba ta sauka ba. Mu nan kullum da dare ita muke jira." Na saurari saƙon sau uku, na rasa amsar da zan ba shi, domin ni kaina ban san inda za ta sauka ba.

A hutun ƙarshen shekarar na je Yamai. Wajen masu baza tsofaffin littattafai kusa da Babbar Kasuwa na ci karo da wani ƙaramin littafi, fassarar Faransanci, sunansa Botchan. Jikka guda na saye shi, kuma abin da ya ja ni kawai shi ne bayan bangon ya ce labarin wani matashin malamin lissafi ne da aka tura koyarwa can wani gari nesa da babban birni. Na ce ai wannan namu ne. Daga nan na shiga bin diddigin marubucin, Natsume Soseki, mutumin da hotonsa ya zauna a kan takardar kuɗin Japan ta yen 1000 daga 1984 zuwa 2004. Abin da ya tsayar da ni a kansa shi ne na gano kusan duk manyan littattafansa a jarida suka fara fitowa, kashi ɗaya kowace safiya, kamar dai yadda muke yi a waya. Sana'armu ɗaya da shi. Abin da zan faɗa a nan na gwada shi a labarai uku da suka biyo bayan wancan, kuma duka ukun sun kai ƙarshe.

Kada ka fara da shela. Yawancinmu mukan yi hoton bango, mu sa ranar fitowa, mu tara jama'a, alhali ko shafi biyar ba mu rubuta ba. Soseki yana da shekara 37 yake koyar da adabin Ingilishi a Jami'ar Tokiyo, zuciyarsa a cunkushe, sai Takahama Kyoshi, mai kula da mujallar Hototogisu, ya ba shi shawara ya rubuta wani abu. Ya rubuta guntun labari guda ɗaya tak, wanda wani muzuru marar suna yake ba da labarin gidan wani malamin makaranta. Aka karanta shi da babbar murya a zaman abokai, aka yi ta dariya, sannan aka buga shi a Janairun 1905. Da mutane suka nemi ƙari ne ya ci gaba, har ya kai babi 11 a 1906. To kai ma rubuta kashi ɗaya cikakke, ka karanta wa wani da baki kafin kowa ya gan shi a waya. Ni gwaggona nake karanta wa, bayan sallar isha'i, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ba ta yi lekol ba, amma ta san tatsuniya fiye da ni. Idan hannunta ya tsaya cak a kan gyaɗar, wurin ya yi kyau. Idan ta tambayi maiɗakina ko an rufe awaki, na san na yi surutun banza, sai in ja layi a wurin in soke. Ran da ta ce mini, "Ɗana, wannan matar ba haka za ta ce wa uwar mijinta ba," na sake shafi biyu, kuma gaskiyarta ne.

Sai ka auna mazubinka. Bayan Soseki ya shiga jaridar Asahi a 1907, an buga masa takardar rubutu tasa ta kansa, mai gidaje 19 a kowane layi, domin faɗin layin jaridar ke nan a lokacin. Yana rubutu yana ganin yadda abin zai zauna a shafi. Wannan ƙaramin abu ya canza mini aiki. Mai karatunka ba a kan tebur yake ba. Mace ce da ta gama wanke-wanke, ko ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja, ko mai gadin shago a Abijan da ke lallaɓa megansa. Na gwada na ga shafi uku na kayen ɗalibai, da irin rubutun hannuna, shi ne abin da ake karantawa kafin shayi na farko ya nuna. Tun daga nan ban wuce shafi uku ba, ban kuma gaza ba. Kai nemo naka awon, amma in ka samu ka riƙe shi. Wanda ya ba da shafi goma yau, gobe ya ba da rabin shafi, ya koya wa jama'a raina na goben. Kuma ina rubutawa a kaye tukuna kafin in buga a waya, saboda kaye ba ya neman caji, kuma wajen kwafewa nake kama rabin kurakuraina.

Yanzu ga babban abin, wanda rashinsa ya kashe labarina na farko: rumbu. Ba wani Ba'adare mai hankali da zai ci hatsin bana tun yana gona. Labari ma haka yake. Kada ka saki kashi na ɗaya sai kana da aƙalla goma sha biyar a ajiye, an karanta, an gyara. Daga ranar da ka fara saki, aikinka na kullum shi ne ka zuba ɗaya a rumbu ka ɗebi ɗaya. Na yau da jama'a ke karantawa, ka rubuta shi tun mako biyu da suka wuce. Amfanin wannan ya wuce maganin ranar da baƙi suka sauka ko aka yi rasuwa a unguwa. Idan kana kashi na 40 ka ga lallai sai an shuka wata magana tun a na 30, to na 30 ɗin yana hannunka, sai ka koma ka shuka. Wanda ke rubutawa yana saki a take ba shi da wannan dama, abin da ya fita ya fita.

Soseki ya nuna wannan a aikinsa na ƙarshe, Meian. An fara buga shi a Mayun 1916. Kowace safiya yakan rubuta kashi ɗaya, da rana kuma ya ajiye labarin ya koma tsara waƙoƙi da rubutun Sinanci don ya wanke zuciyarsa. A ƙarshen Nuwamba ciwon gyambon ciki ya kwantar da shi yana kashi na 188. Ya rasu ranar 9 ga Disamba 1916 yana da shekara 49, amma jarida ta ci gaba da fitar da labarin na wasu kwanaki bayan rasuwarsa, domin akwai saura a rumbu. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi: mutum yana ƙasa, masu karatu suna buɗe jarida da safe suna tarar da alkawarinsa a cike. Ka lura kuma da kashi ɗaya a rana. Bai ce yau ina da ƙarfi bari in yi biyar ba. Ni lokacina shi ne daga sallar asuba zuwa bakwai saura kwata, kafin in hau babur zuwa makaranta. In na cika shafi uku na rufe kaye, ko da maganar tana zuba. Ragowar da ke bakina ita ce za ta tayar da ni gobe.

Ka san ranar da za ka gama tun kafin ka fara. A 1912 Soseki ya sa wa wani labarinsa suna Higan Sugi Made, ma'anarsa kusan "har bayan ranar da dare da rana ke daidaita a bazara", kuma shi da kansa ya faɗa a gabatarwa cewa dalilin sunan shi ne ya yi niyyar rubutawa daga farkon shekara zuwa wannan lokacin. Ni da kalandar makaranta nake aunawa: in fara a Nuwamba lokacin da sanyi ya shigo, in gama kafin zafi da jarrabawa su haɗu. In kai manomi ne, kada labarinka ya shiga damina. Labarin da ba shi da ranar ƙarewa shi ne wanda za ka ga an kashe miji, an dawo da shi, an kawo aljani, an kawo kishiya ta huɗu, duk don marubucin bai san ƙofar fita ba. Wannan ba ya nufin tsarin ba zai motsa ba. Labarinsa Kokoro, wanda ya fito daga Afrilu zuwa Agustan 1914 cikin kashi 110, da farko gajerun labarai da yawa ya yi niyyar jerawa, sai na farkon ya yi ta girma har ya cinye wurin duka, shi kuma ya bar shi ya girma. Amma ya san inda ya dosa.

Inda za ka yanke kashi kuwa, a nan ake gane gwani. Mun saba da a yanke daidai an ɗaga wuƙa ko an buɗe ƙofa an ƙwalla ƙara. Sau ɗaya ko biyu yana aiki, in ya yi yawa jama'a su gane dabara ce. Dubi yadda aka yi a Kokoro. Wani ɗalibi yana zaune a ƙauye, mahaifinsa na kan gargarar mutuwa, sai ga wasiƙa mai kauri daga mutumin da yake kira malaminsa a Tokiyo. Ya buɗa ya leƙa wajen ƙarshenta, ya ga layin da ke nuna kafin wasiƙar ta iso mai ita ya bar duniya. Ya bar mahaifinsa a kwance ya ruga ya hau jirgin ƙasa, a cikin jirgin ya fara karantawa. Ba wanda ya ɗaga murya, amma wa zai iya barci bai ji abin da ke cikin wasiƙar ba? Mai karatu ya rataya ne saboda an sa yaron ya zaɓa tsakanin uba biyu. To ka yanke a inda mutuminka ya yanke shawarar da ba ta komawa, ko a inda ya gano abin da sauran mutanen labarin ba su sani ba tukuna. Yarinyar da na bari a hanyar Ƙonni, na gane daga baya, ban san abin da ta zaɓa ba, motar kawai na sa ta don in samu wurin tsayawa.

Daga ina za ka ɗebo abin da zai ishe ka wata uku ko huɗu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An haifi Soseki a 1867 a birnin Edo, wanda shekara guda bayan nan ya koma Tokiyo. Sunansa na yanka Kinnosuke. Auta ne, iyayensa sun manyanta, suka ba da shi riƙo ga wani gida mai suna Shiobara tun yana ƙarami. Da auren masu riƙon ya mutu, yana wajen shekara tara, aka maido shi gidansu, ya daɗe yana zaton iyayensa kakanninsa ne. Da ya girma ya yi suna, uban riƙon ya dawo yana neman kuɗi. Wannan miki ya ɗauke shi shekaru, sai a 1915 ya zuba shi a labarinsa Michikusa. Wane ne a cikinmu bai san yaron riƙo ba? Ni kaina a hannun gwaggon nan na tashi, kuma labarina na biyu a kan haka ne. Bai taɓa ƙafe mini ba ko kwana ɗaya, domin ba sai na ƙago yadda yaro ke ji ba in an zo rabon kayan salla.

Haka zamansa na Landan. Gwamnatin Japan ta tura shi a 1900 ya ƙaro ilimin Ingilishi, kuɗin da ake ba shi ba su isa ba, ya rufe kansa a ɗakin haya yana ta karatu har aka fara raɗe-raɗin ya taɓu. Yana can amininsa, mawaƙi Masaoka Shiki, ya rasu a 1902. Ya dawo gida a farkon 1903 da tambayar da ba ta sake shi ba har mutuwarsa: mutumin da ya sha karatun wasu har ya ƙoshi, da wace ƙafa zai tsaya a gidansu? Mu da aka koya wa Faransanci da bulala, muke mafarki da Hausa, ba sai an fassara mana wannan tambaya ba. Abin da na ɗauka a nan shi ne kada in kai labarina Dubai ko wani gidan bene da ban taɓa shiga ba. Tashar motar Tawa da asuba lokacin da ƴan ci-rani ke tafiya, matan da aka bari da yara da surukai, kuɗin da ake jira ya iso kafin hatsi ya ƙare, rumfunan albasa a hanyar Galmi: wannan rijiya ce da ba mu ko fara ja ba. Sai dai ka sauya kamanni sosai. Ka haɗa mutum uku su zama ɗaya, ka canza gari da sana'a. Garinmu ƙarami ne, kuma asirin maƙwabci amana ne.

Masu karatu za su zo, kuma su ne daɗin abin, su ne kuma haɗarinsa. Da baƙi suka yi wa Soseki yawa, daga 1906 aka tsayar da ranar Alhamis da yamma ta zama ranar ganinsa. Ɗalibai da matasan marubuta su taru a ɗakinsa a yi ta hira, sauran kwanaki kuwa na aiki ne. Akutagawa Ryunosuke, wanda yau babbar kyautar adabin Japan ke ɗauke da sunansa, a wannan zaure ya zauna a shekarar ƙarshe ta rayuwar malamin. Ni ma na ware Juma'a bayan la'asar. Ranar nake buɗe saƙonni, in amsa na amsawa, in zauna a fada da abokai a sha shayi a yi gardama a kan labarin. Sauran kwanaki ina saki in kashe data. Ka saurari mai cewa bai gane wuri kaza ba, ko mai cewa ba haka ake ɗaurin aure a Abalak ba, wannan gyara ne. Amma masu cewa a kashe wance, a aurar da wane ga wance, ka gode musu ka wuce. Da yake abin da suke karantawa ka riga ka wuce shi da kashi goma sha biyar, ba za su iya jan ka ba ko sun so.

In ciwo ko wata larura ta zo ta cinye rumbun, faɗi gaskiya. A 1910 Soseki ya yi aman jini a Shuzenji, wurin da ya je jinya, har ya suma aka fid da rai. Ya tashi ya koma aiki. A 1913 ciwon ya sake kayar da shi yana tsakiyar labarin Kojin, aka dakatar da bugawa wata biyar, ya dawo ya ƙarasa shi a shekarar. Laifina a labarin farko ba tsayawar ba ce, shirun ne. Layi biyu sun isa: ga abin da ya faru, ga ranar da nake sa ran dawowa in Allah ya yarda. Kuma kafin ka ci gaba, koma ka karanta tun daga kashi na ɗaya, da kaye a gefe kana rubuta sunan kowa da shekarunsa da wanda ya haife shi. Wannan kayen sunaye ma ya kamata ka buɗe shi tun ranar farko.

Ƙanne da yawa suna tambayata ko su bar aiki su rungumi rubutu. Gaskiya ne Soseki ya ajiye koyarwa a jami'ar da ta fi kowace daraja a ƙasarsa ya koma ma'aikacin jarida, abin da ya ba mutanen zamaninsa mamaki, kuma a 1911 gwamnati ta ba shi digirin dakta ya ce ba ya so. Amma yana da shekara 40 ya ajiye koyarwar, bayan littattafansa sun karɓu, kuma sai da aka yi yarjejeniyar albashi na wata-wata, domin yana da mata da yara. Kafin nan ya koyar a garin Matsuyama a 1895, ya koyar a garin Kumamoto daga 1896, kuma daga ajin Matsuyama ne Botchan ya fito. Riƙe allinka ko shagonka ko kekenka na ɗinki. Nan ne mutanen labarinka suke shigowa da ƙafarsu. A Agustan 1916, kusan wata huɗu kafin rasuwarsa, ya rubuta wa Akutagawa da abokinsa Kume Masao wasiƙa yana ce musu kada su yi gaggawa, su zama kamar bijimin sa mai turawa a hankali, kada su nemi zama doki. Duk wanda ya taɓa bin shanun huɗa ya san abin da yake nufi.

In kana son ka karanta shi da kanka, fara da Botchan, gajere ne kuma akwai ban dariya. Kokoro a Faransanci sunansa Le pauvre cœur des hommes. Shi kam kada ka shanye shi dare ɗaya. Babobinsa gajeru ne domin kowane ɗaya na safiya guda ne, to karanta ɗaya a rana kamar yadda mutanen 1914 suka yi, kana lura da inda ya tsaya da abin da ya hana ka. Jaridar Asahi ma ta sake fitar da shi haka, kashi-kashi, a 2014 da ya cika shekara ɗari.

Labarin farkon nan kuwa na koma masa bara. Na karanta kashi 23 ɗin, na zauna mako guda ina tambayar kaina me yarinyar ta baro da me ta dosa, sannan na rubuta ashirin na ajiye kafin in ce wa kowa uffan. Ran da na saki na 24, mutumin Keita na fara aika wa. A Madawa ta sauka, gidan ƙanwar uwarta, da ƙullin kayanta da takardar sakin da ba ta nuna wa kowa ba tukuna.